Naira da Sefa: Yadda Ƙarfinsu Ya Sauya

Idan kana zaune a Korgom, ko Tasawa, ko Mayahi, kuɗi iri biyu ke ratsa hannunka: sefa ta Nijar da naira ta Nijeriya. Darajar kuɗi ita ce abin da za su iya saya maka. Hanya mafi sauƙi ta auna ta ita ce ka tambaya: tiyar hatsi sefa nawa ce a nan, naira nawa ce a can?

Abin da ya faru

1973: Nijeriya ta fara amfani da naira. Arzikin man fetur ya ƙarfafa ta. A 1980 naira ɗaya ta fi sefa 300 a farashin gwamnati.

1986: Gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira.

1994: A watan Janairu aka rage darajar sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada a Nijar.

1999: Aka ɗaure sefa da Yuro. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne.

2023: Gwamnatin Tinubu ta cire tallafin fetur, ta bar kasuwa ta yanke farashin naira. A 2024 jikka ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000.

Me ya jawo haka?

Farashin kaya ya fi saurin hawa a Nijeriya. A 2024 ya hau da fiye da kashi 30 cikin 100. Kuɗin da kaya ke tsere musu dole su faɗi. Sefa kuwa tana jingine da Yuro, shi ya sa ta fi tsayuwa.

Yadda ya shafe ka

Ga misali. Ka sayar da rago naira 200,000. Idan jikka tana naira 2,000, kana da jikka 100. Idan ka ajiye nairar har jikka ta kai naira 2,500, jikka 80 kawai za ka samu. Ka yi asarar jikka 20 ba tare da ka kashe ko dala ba. Haka yake ga ɗan ci-rani mai aiko da kuɗi gida.

Shawara

1. Tambayi ƴan canji biyu ko uku kafin ka yi ciniki.
2. Kwatanta farashin kaya a kasuwannin biyu, ka haɗa da kuɗin mota.
3. Idan za ka ba da bashi ko ka karɓa, ku ambaci irin kuɗin da za a biya, a gaban shaidu.
4. Kada ka daɗe da ajiyar kuɗin da ke faɗuwa. Canza su, ko ka sayi hatsi ko dabba.