Yadda barbara ke sa ƙwaƙwalwar zomanya da taguwa ta ba da umarnin sakin ƙwai

Saniya tana sakin ƙwan haihuwa kusan duk bayan kwana 21, ko bijimi ya kusance ta ko bai kusance ta ba. Zomanya da kyanwa da taguwa ba haka suke ba. A jikinsu ƙwai yakan nuna ya zauna yana jira, ba ya fita sai an yi barbara. Masanin dabbobi na Ingila Walter Heape ya bayyana hakan a kan zomaye a 1905, inda ya nuna cewa ƙwan yana fita kimanin awa 10 bayan barbara.

Umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. A jikin zomanya, jijiyoyin al'aura ne ke ɗaukar saƙon barbara, su bi ta lakar gadon baya zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Daga nan wasu jijiyoyi su zuba sinadarin noradirenalin a wani sashe da ake kira haifotalamus. Wannan sashe sai ya saki homon GnRH, wanda ke gangarawa ta ƙananan hanyoyin jini zuwa fituwitari, wata 'yar ƙaramar halitta da ke maƙale a ƙasan ƙwaƙwalwa. Ita kuma ta kwarara homon LH cikin jini, wanda ke sa ma'ajiyar ƙwai ta saki ƙwan. Andrew Schally da abokan aikinsa ne suka gano tsarin GnRH a 1971, kuma a 1977 shi da Roger Guillemin suka samu kyautar Nobel.

Kyanwa ma wannan hanya take bi, sai dai barbara ɗaya ba kullum take isa ba. Sau da yawa sai muzuru ya maimaita kafin LH ya taru yadda zai wadatar.

Dangin raƙumi kuwa nasu saƙon a cikin ruwan maniyyi yake. A 1985 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa ruwan kaɗai yana sa taguwa mai tozo biyu ta saki ƙwai. A 2012 wata tawaga da ta haɗa da masanan Jami'ar Saskatchewan ta Kanada ta tabbatar, a kan dabbar lama ta Kudancin Amurka, cewa sinadarin wani furotin ne mai suna NGF, wanda a da aka san shi da raya jijiyoyi.

Wannan ilimi ya shafi kiwo kai tsaye. Idan za a ɗura wa zomanya maniyyi ba tare da namiji ba, yawanci akan haɗa da allurar GnRH domin ƙwai ya fita. Likitocin dabbobi suna amfani da irin wannan allura ga taguwa ma. Taguwa tana ɗaukar ciki na kusan wata 13, kuma barbararta tana da lokacinta a shekara, don haka makiyayin Agadas da barbarar taguwarsa ba ta kama ba yana iya rasa ɗan raƙumi da nonon shekara guda.