Yadda Fanka Ta Shiga Tarihin Ɗumama Gidaje

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa akwai wata na'ura da ake kira famfon zafi, wadda ke ɗumama gida ba tare da ta ƙona itace ko gas ba. Aikinta irin na firij ne: tana zuƙo ɗan ɗumin da ke waje, kwamfiresa ya ƙara masa ƙarfi, sannan ta sake shi cikin ɗakuna. Masanin Birtaniya William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana dabarar a 1852, kuma ba a jima ba injiniya Peter von Rittinger ya gwada ta a ma'aikatar gishiri ta Ebensee a Ostiriya.

Manyan na'urorin farko ba su da fanka a waje. Wadda aka kafa a majalisar birnin Zurich a 1938 daga kogin Limmat take jawo ɗumi, domin Suwizalan ƙasa ce mai wutar lantarki daga madatsun ruwa amma ba ta da isasshen kwal. Na'urar ta yi aiki sama da shekara 60. To amma gida nawa ne ke bakin kogi? Iska ce kowa ke da ita a ƙofar gidansa, sai dai rowa gare ta: ɗumin da ruwa ke riƙewa ya ninka na iska mai girmansa sau fiye da 3,000. Wanda zai ɗumama gida da iska dole ya riƙa tura ta da yawa ta cikin bututun na'urar, dare da rana. Nan fanka ta samu gurbi.

Irin waɗannan na'urori sun shiga kasuwar Amurka a shekarun 1950, suka yi baƙin jini saboda yawan lalacewa. Tsadar man fetur ta 1973 ce ta sa aka sake waiwayarsu, kuma da yawaitarsu sana'ar gyaransu ta kafu.

Makanikan wancan zamani da kunne suke fara aiki. Injin fankar ba ya iya tashi shi kaɗai, sai da taimakon kafasita, wani ɗan gwangwani mai tara wuta. Idan akwatin na'urar da ke waje yana gunji amma fukafukan fankar na tsaye cik, sai mai gyara ya sa siririn kara ta ragar ƙarfe ya ɗan tura su. In suka ɗauka suka ci gaba da juyawa, injin lafiya lau yake, kafasita ce ta mutu, kuma sau da yawa za a ga kanta ya kumbura. In ko da hannu ma, bayan an kashe wuta, fukafukan sun ƙi juyawa, to boris ɗin injin ya cije, ko kuma wani reshe ko ƙanƙara ya maƙale. In babu gunjin ma sam, sai a koma kan wayoyi da makunni. Tsofaffin masu sana'ar kan ja kunnen yaransu cewa kafasita na riƙe wuta ko an cire na'urar daga layi. Da ma a cikinta akwai wani haɗarin: man PCB mai guba da ake cika ta da shi, wanda Amurka ta hana yin sa a 1979.

Abin takaici shi ne kafasita na cikin kayan da suka fi araha a na'urar, amma in aka bar kwamfiresa na aiki babu fanka, shi ne zai wahala, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Akwai kuma tsayawar da ba cuta ba ce. A tsakiyar hunturu ƙanƙara kan lulluɓe bututun waje, sai na'urar ta juya aikinta na 'yan mintuna don narkar da ƙanƙarar, ta tsayar da fanka da gangan, tururi ya riƙa tashi. Masu gida da dama sun kira makaniki a firgice, suna tsammanin gobara ce.

Sauyi ya zo daga Japan. A 1981 kamfanin Toshiba ya fito da na'urar gida mai inbata, wadda ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata. A hankali fankoki ma suka koma injin da allon lantarki ke sarrafawa, babu waccan kafasita. Sun fi tsimin wuta, sun fi shiru, amma karan turawa ya daina amfani. Yanzu mai gyara lambar matsala yake karantawa, ya auna wayoyi da mita, kuma sau tari ƙarshenta a canza allon gaba ɗaya. An ci ribar wuta, an yi asarar gyara mai sauƙi.

Mai gyaran AC a Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne a wannan labari, domin akwatin da ke rataye a bayan shago ɗan'uwan famfon zafi ne, sai dai galibi ba shi da bawul mai juya aikin daga sanyayawa zuwa ɗumamawa. Shi mai gyaran, ƙurar hunturu da wuta marar ƙarfi ne abokan faɗansa. A Turai kuwa, inda aka sayar da famfon zafi kusan miliyan 3 a 2022 bayan gas ya yi tsada sakamakon yaƙin Yukiren, kukan da ake yi shi ne ƙarancin ƙwararrun da za su kafa su, su kuma gyara su.