Juyin Masana'antu da Juyin Juya Halin Turai: Yadda Suka Haifi Iyakar Bagudo da Benin

Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya hanya tana shiga Segbana, daga Lolo kuma, a bakin Kogin Kwara, ana fita wajen Madekali da Malanbil. A ɓangarorin biyu za a ji Hausa da Fulatanci da Dendi da Boko, akwai auratayya, akwai kasuwanni da ake ci tare. Amma nan ana kashe naira, can sefa; nan yaro yana koyon Turanci a makaranta, can Faransanci. Wannan rabuwa ba daga sarakunan ƙasar ta fito ba. Tushenta yana cikin manyan canje-canje biyu da suka faru a Turai: juyin masana'antu na Ingila, da juyin juya halin Faransa.

Inji da kogi

Juyin masana'antu shi ne sauyin da ya soma a Ingila a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, lokacin da inji ya karɓe aikin da hannu yake yi. A 1769 James Watt ya yi rajistar gyaran da ya yi wa injin tururi, wanda ake hura masa gawayin ƙasa. Ba a daɗe ba masaƙun Manchester suka cika da injunan kaɗi da saƙa, a 1830 kuma jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Liverpool da Manchester. Masana'anta tana da yunwa iri biyu: tana son kayan da za ta sarrafa, tana kuma son kasuwar da za ta saya. Ingila ta buƙaci auduga, da manja don yin sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Da ta haramta cinikin bayi a 1807, fataken Liverpool suka juya ga manjan bakin tekun Afirka ta Yamma, daga nan idonsu ya koma kan kogin da zai kai su cikin ƙasa.

Mungo Park ya bi Kwara ta wannan yanki ya mutu a Busa a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka kai Yawuri, sa'an nan suka gangara daga Busa har teku, suka tabbatar wa Turawa inda kogin yake ƙarewa. Bayan shekara biyu Macgregor Laird ya shigo da jirage masu tururi, amma zazzaɓi ya kashe yawancin mutanensa. A 1854 Dokta William Baikie ya sake shigowa yana ba mutanensa kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda aka ƙwato daga jirgin bayi yana yaro, ya kuma zama bishop a 1864. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: jirgin da ya ɗauko ɗan kasuwa shi ne ya ɗauko mai bishara, abin da ya sa mutane da yawa a bakin kogi suka daɗe ba su bambanta su ba.

Akwai wani abu game da kogin da ya yanke hukunci a kan iyakar. A wajen Busa akwai duwatsu da ruwa mai gudu da jirgin tururi ba ya iya hawa (madatsar Kainji ta shanye wurin a 1968). Wanda ya riƙe kogin daga ƙasan duwatsun yana da hanya zuwa teku. Wanda ya tsaya a sama, wajen Illo ko Gaya, ba shi da ita.

Faransa da haƙƙin ɗan Adam

A 1789 mutanen Faransa suka tayar wa sarauta. A watan Agusta na shekarar majalisarsu ta shelanta cewa an haifi mutane 'yantattu, daidai suke a gaban doka, mulki kuma na al'umma ne, ba na gidan sarki ba. An kashe Sarki Louis na 16 a 1793. An ƙwace dukiyar ikilisiya, an tsananta wa firistocin da suka ƙi rantsuwa ga sabuwar gwamnati. An soke bauta a 1794, Napoleon ya maido da ita a 1802, ba a kawar da ita gaba ɗaya ba sai 1848. Ko mita da kilo da muke awo da su yau daga wannan juyi suka fito.

Bayan Jamusawa sun ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, shugabanninta suka nemi maido da martaba a ƙasashen waje. A 1885 Jules Ferry ya tsaya a majalisa ya kawo hujjoji: masana'antun Faransa suna bukatar kasuwa, kuma a ganinsa wasu jinsuna sun fi wasu, don haka wajibi ne su “wayar” da su. Jamhuriyar da ta yi shelar daidaito ita ce ta fito da wannan magana, ba kuwa ta ga saɓani a ciki ba.

Tseren Bargu

Kafin Turawa, ƙasar Bargu tana da manyan garuruwa kamar Nikki da Busa da Illo. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan haye Kwara a wannan yanki su ratsa Bargu da jakunansu. Taron Barlin na 1884 zuwa 1885 bai zana iyakar nan ba, sai dai ya amince kowa ya yi zirga-zirga a Kwara, ya kuma ƙarfafa ra'ayin cewa mai da'awar ƙasa ya nuna ikonsa a kanta. George Goldie, wanda ya haɗa kamfanonin Ingila na kogin a 1879, ya samu izinin sarauniya a 1886, kamfaninsa Royal Niger Company ya zama ɗan kasuwa kuma gwamnati a lokaci guda.

Da Faransawa suka gama da Sarki Behanzin na Dahome a 1894, suka doshi arewa suna neman tashar jirgi a ƙasan duwatsun Busa. Goldie ya aiki Kyaftin Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani daga baya da Gwamna Lugga, ya riga su zuwa Nikki. Ya samu takardar yarjejeniya a watan Nuwamba 1894 ba tare da ya ga sarkin ido da ido ba. Bayan 'yan kwanaki Kyaftin Decoeur na Faransa ya iso, shi ma ya samu tasa. A 1897 sojojin Faransa suka zauna a Busa, Ingila kuma ta kafa rundunar da aka ba Lugard, yawancin sojojinta Hausawa da Yarabawa. Tutoci biyu suka yi ta fuskantar juna a ƙauyukan Bargu, har ana tsoron yaƙi tsakanin manyan ƙasashen biyu.

An sasanta a Paris ranar 14 ga Yuni 1898. Nikki ta tafi ga Faransa, Busa da Illo suka zauna ga Ingila. Yarjejeniyar ta ce layin zai taɓa gaɓar Kwara a wuri mai nisan mil 10 sama da tsakiyar Giris, tashar jirgin ruwan Illo, awon miƙe, ba bin lanƙwasar kogi ba. An rubuta nisan da mil saboda Ingila, an kuma rubuta shi mita 16,093 saboda Faransa. Ba a tambayi sarkin Illo ko na Nikki ba. An ƙara tantance layin a 1906. A farkon mulkin Turawa kuma aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da masarautar Gwandu, shi ya sa yau take cikin Kebbi.

Mulki iri biyu

Ingila ta mulki Arewa ta hannun sarakuna da hakimai. Lugard ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin Musulunci ba, saboda haka aka daɗe ana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu irin Gwandu, aikinsu ya fi kafuwa a wurare kamar Zuru. Faransa ta fi son mulkin kai tsaye: kwamandan Bature ne mai iko, sarki ma'aikacinsa ne kawai, yana iya ɗaure “ɗan ƙasa” ba tare da shari'a ba. Ga haraji, ga aikin tilas, ga ɗibar samari zuwa yaƙin duniya na farko. A 1916 Bio Gera ya jagoranci Bargawan ɓangaren Faransa suka yi tawaye, aka kashe shi. Ɓangaren Ingila ma bai zauna lafiya ba: a 1915 mutanen Busa sun tayar saboda an tuɓe sarkinsu. Duk da haka gidaje da yawa sun gudo daga ɓangaren Faransa zuwa na Ingila, gama ba a soke aikin tilas a can ba sai 1946.

Gurguzu a ƙetaren iyaka

Masana'antun Turai sun haifi wata aƙida kuma. Ma'aikata, har da yara ƙanana, suna aiki awa goma sha biyu ko fiye a kan ɗan lada. Friedrich Engels ya ga haka da idonsa a Manchester, a 1848 shi da Karl Marx suka yi kira ga ma'aikata su karɓe mulki da masana'antu daga masu jari. Marx ya ɗauki addini a matsayin abin da yake sa matalauci haƙuri da zalunci. Aƙidar ta ci mulki a Rasha a 1917.

Ta iso maƙwabtan Bagudo ta hannun Manjo Mathieu Kerekou, wanda ya yi juyin mulki a Dahome ranar 26 ga Oktoba 1972. Ranar 30 ga Nuwamba 1974 ya shelanta cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Marx da Lenin, bayan shekara guda cif ya sāke mata suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Gwamnati ta karɓe bankuna da manyan kamfanoni da makarantun mishan. Kafin ƙarshen shekarun 1980 bankuna sun durƙushe, malamai da ma'aikata sun yi watanni ba albashi, talakawa da yawa suna rayuwa da fataucin kaya ta iyakar Nijeriya. A Disamba 1989, wata guda bayan faɗuwar katangar Barlin, gwamnatin ta yar da aƙidar.

Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano. Wanda aka amince ya shugabance shi shi ne Bishop Isidore de Souza na ɗariƙar Katolika, wato daga cikin ikilisiyar da aka ƙwace wa makarantu. Taron ya shelanta cewa shi ne mai iko, kamar yadda wakilan Faransa suka yi a 1789, Kerekou kuma ya yarda ba tare da an zub da jini ba. A Maris 1991 Nicephore Soglo ya kayar da shi a zaɓe, ya sauka. A 1996 aka sake zaɓensa da ƙuri'a.

Har yau auduga ce kan gaba a kayan da Benin take fitarwa, yankin Alibori kuwa, inda Segbana da Kandi da Banikowara suke, yana cikin inda aka fi nomanta. Mafi yawanta ɗanya take barin tashar Kwatano, masaƙun Asiya ne suke saye yanzu, ba na Manchester ba.