Yadda Ƙurar Bam Ta Zama Ma'aunin Zaizayar Gona

Manomin jigawa ya san gonarsa tana ramewa. Yana ganin saiwar gawo a waje, yana ganin rairayi ya taru a gindin shinge bayan iskar farkon damina. Amma nawa ne ya tafi? Su kansu masana sun daɗe suna fama da wannan tambaya, don kafa filayen gwaji da tarkon ƙura yana cin kuɗi, kuma sai an yi shekaru ana jira.

Ma'aunin ya zo ne ta hannun masu gwajin makaman ƙare-dangi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya sun yi ta fasa bama-bamai a sararin sama. Faransa ma ta fasa nata a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma gwaje-gwajenta na Sahara ne suka sa Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Ƙurar ta zagaya duniya, ruwan sama ya sauko da ita, a cikinta akwai sinadarin siziyom-137. Saukarsa ta fi yawa a 1963, shekarar da ƙasashe ukun farko suka sa hannu a Mosko kan daina gwaji a sama.

Halin siziyom shi ne, da zarar ya taɓa ƙasa sai ya manne wa laka kamar kaska. Ruwa ba ya raba shi da ita. Sai in ƙasar kanta ta tashi, su tafi tare.

Rogowski da Tamura ne suka fara gwada wannan a Oak Ridge ta Amurka wajen 1965. A shekarun 1970 Jerry Ritchie da Roger McHenry na ma'aikatar noma ta Amurka suka kai dabarar gonaki da madatsun ruwa, daga baya Desmond Walling na Jami'ar Exeter ta Ingila ya inganta lissafinta. Aikin ba wuya a ido. A nemi filin kwatanci, wato fili shimfiɗaɗɗe da garma ba ta taɓa ba, a kafa bututun ƙarfe a ciro ƙasa. A yi haka a gona. A busar, a niƙa, a tankaɗe, a sa a na'urar da ke ƙirga hasken gamma da siziyom ke fitarwa. Inda siziyom ya gaza na filin farko, ƙasa ta tafi; inda ya zarce, nan ta sauka. Ziyara ɗaya ta ba da labarin shekaru da yawa.

A busassun ƙasashe ma an ci moriyar abin, saboda iska ba ta barin kwazazzabo da za a auna. A shekarun 1990 Adrian Chappell da Andrew Warren sun yi amfani da shi a gonakin gero na gabashin Yamai. Sai dai can wahalar ita ce samun filin kwatanci, tunda hazon hunturu yana zuba sabuwar ƙura ko'ina.

Ma'aunin kuma yana ƙarewa. Rabin ƙarfin siziyom-137 yana gushewa duk bayan shekara 30, don haka abin da ya rage na 1963 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana take koya wa masu bincike haɗa shi da darma-210 da beriliyom-7, waɗanda ke saukowa daga sama ba tare da wani ya fasa bam ba.