Kalma Ɗaya, Ma'ana Ɗaya: Harshen Tuƙi da Gyaran Jiragen Sama

Mutane da yawa suna ɗauka cewa harshen sufurin jiragen sama Turanci ne kawai, wanda ya ƙware a Turanci kuwa ya gama da fannin. Hujjojin tarihi ba su goyi bayan wannan zato ba. Abin da matuƙa da injiniyoyi suke aiki da shi harshe ne da aka tankaɗe da gangan, aka rage masa kalmomi, aka ɗaure kowace kalma da ma'ana guda, har ya zama shi kansa Baturen Ingila sai ya zauna ya koye shi. Amincin fasinja ya dogara da wannan taƙaitawa, kuma wasu daga cikin ƙa'idojinta bayan asarar rayuka aka kafa su.

Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutane 583 suka halaka. Dalilan haɗarin suna da yawa, amma harshe yana tsakiyarsu. Mataimakin matuƙin KLM ya shaida wa hasumiya cewa suna "at takeoff", mai kula da zirga-zirga ya fahimci suna tsaye a bakin titi suna jiran izini, alhali jirgin ya riga ya ɗauki gudu. Daga baya aka keɓe kalmar "takeoff" ga lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, sauran magana kuwa sai a ce "departure". Irin wannan horon aka kai rumfar gyara. A 1986 ƙungiyar masana'antun jiragen sama ta Turai ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙƙen Turanci don littattafan gyara, wadda yanzu ake kira ASD-STE100. Ƙamusunta yana da kalmomi kimanin 900 da aka amince da su, ban da sunayen sassan jirgi, kuma jimlar umarni ba ta wuce kalma 20. Hikimar a bayyane take: makanikin da ke ɗaure noti da tsakar dare, jirgi na jiran asuba, ba shi da lokacin tafsirin jimla.

Masu suka sukan ce harshen da aka ƙuntata haka zai gaza idan abin da ba a zata ba ya auku. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da masu kula da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu cikin shida na iya magana da Turanci, daga 2008. Sai dai haɗarin jirgin Avianca kusa da New York a Janairun 1990 ya nuna inda nauyin yake. Matuƙan sun yi ta faɗin mai yana ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta "Mayday" ko kalmar gaggawa da za ta sa a buɗe musu hanya nan take ba. Mutane 73 suka rasu. Bayani bai yi ƙaranci ba a daren nan, keɓaɓɓiyar kalmar ce ba ta fito ba.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya, wato tsarin yana tura harsuna irin Hausa gefe, duk da cewa tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage a Zariya. Ina ganin Hausa tana da gurbi babba wajen fahimtar da ɗalibi da wayar da kan jama'a, matuƙar masu ƙirƙirar kalmomi za su karɓi wannan horo. Bahaushe yakan ce "jirgi ya tashi" ko ya bar wurin tsayuwa ko ya rabu da ƙasa, ruɗanin Tenerife ke nan. Kalmar "mai" kuwa tana ɗauke da wanda injin ke ƙonawa, da wanda ke sulɓe ƙarafansa, da ruwan matsi mai motsa birki da ƙafafun sauka. A littattafan gyara babi uku aka ware musu, na 28 da na 79 da na 29, domin zuba ɗaya a mazubin ɗaya yana iya kayar da jirgi. Duk ƙamusun Hausa na wannan fanni dole ya ba kowannensu sunansa dabam, ya kuma hana a musanya su.