Ɗakin Amarya: Tarihin Sana'o'i Uku a Ƙasar Dutse

Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina a aji ko wa ya taɓa ganin mazari. Cikin yara fiye da hamsin, yarinya ɗaya ce ta ɗaga hannu, ita ma a kwandon kakarta ta gan shi. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi baya, domin Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babu kuwa inda tarihin sana'o'inmu ya taru kamar ɗakin amarya, inda masaƙi da masassaƙi da mai haɗa turare suke haɗuwa.

Dangantakar Dutse da Kano daɗaɗɗiya ce. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma a zamaninsa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja. Ashe tun tuni ƙasarmu tana tsakanin manyan kasuwanni biyu, Kano a yamma, Barno a gabas.

Mu fara da tufa. Mata ke gurzar auduga, su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya jefa ƙoshiya ya fitar da ƙyalle siriri, a ɗinke shi ya zama gwado ko saƙi. Daga nan sai karofi, inda marini ke haɗa baba da toka da katsi, sannan mabuga su fito da sheƙinsa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan raƙuma 300 na tufafi ake kaiwa Tumbutu duk shekara. Ƙauyukan ƙasar Kano ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki, Dutse kuwa a lokacin tana cikin ƙasar Kano. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta kwararo da yadin Ingila mai araha, masaƙar zamani ta Kaduna ta biyo baya a 1957, sai karofi suka riƙa cikewa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Haka kayan ɗaki suka yi ta sauyawa. Kakanninmu sun tare da gadon kara da tabarmar kaba da kujera 'yar tsugunno wadda aka sassaƙa daga itace guda. Iyayenmu suka ga gadon ƙarfe mai rumfa da jeren fanteka. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka cika Dutse, shagunan kafintoci suka yawaita, gado da kujeru suka koma na katako da soso.

Turare ne kaɗai bai ja da baya ba. Kajiji da jema namu ne, sandal daga Indiya yake zuwa, humra kuwa an fi sanin matan Barno da ita. Mata sun riƙe sirrin haɗin, uwa ta koya wa 'ya, ga shi yau suna zuba shi a kwalba da sunansu a jiki, suna tallarsa ta waya. Darasin a fili yake: sana'ar da ta sabunta kamanninta ba tare da ta yar da asalinta ba, ita ce ta rayu. Matashin da zai sa zanen dagi a allon gado, ko ya ɗinka rigar zamani da saƙi, ba zai rasa masu saye ba.

To, 'yan'uwa marubuta, ina namu aikin? Littattafanmu na soyayya cike suke da gadajen Dubai, amma da wuya ka ga jarumi marini ko jaruma mai haɗa turare. Tsofaffin da suka san sunan kowane zare suna ta tafiya. Mu ɗauki biro da takarda mu zauna gabansu tun da sauran rana, a nan ake shanya. Allah ya sa mu dace, amin.