Ƙofar da Ba Ta Faɗin Dalili

Idan kwamfuta ta hana mutum shiga asusunsa, ba kasafai take gaya masa inda ya kuskure ba: sunan ne, ko kalmar sirrin? Da gangan aka gina wannan rowar bayani, kuma asalinta ya haura shekara sittin.

A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT da ke Amurka, Fernando Corbató ya jagoranci gina tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar amfani da babbar kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Da yake kowa na da fayilolinsa, sai aka ba kowa kalmar sirri. Matsalar ita ce an tara kalmomin duka a fayil ɗaya, a rubuce ƙarara. A 1962 wani ɗalibin digirin digirgir, Allan Scherr, wanda sa'o'i huɗu kacal aka ware masa a mako, ya nemi na'urar ta buga masa fayil ɗin, ta kuwa buga. Ya riƙa shiga da sunayen abokan aikinsa, bai tona kansa ba sai bayan shekaru da dama.

Darasin ya isa ɗakunan binciken Bell, inda aka haifi Unix. Can Robert Morris da Ken Thompson suka daina ajiye kalmar kanta. Sai a murɗa ta ta hanyar lissafin da ba a iya juyawa baya, a ajiye sakamakon. A takardar da suka wallafa a 1979 sun duba kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu sauƙin cinka ne. Amma abin da ya fi shafar mai amfani na yau wani ɗan kuskure ne da suka ambata. Da farko manhajar shiga ba ta yin lissafin sai idan sunan da aka rubuta na gaske ne. Saboda haka sunan gaske kan jawo jinkirin kusan rabin daƙiƙa, na bogi kuwa a ƙi shi nan take. Ɓarawo mai haƙuri na iya tantance sunayen ta wurin jinkirin kawai. Aka gyara: ko sunan na nan ko babu, lissafi ɗaya, amsa ɗaya. Hukuncin daidai ne, sai dai mai gaskiya ne ya biya kuɗinsa, domin shi ma an bar shi cikin duhu tare da ɓarawon.

Unix ya kuma raba jama'a gida biyu: babban mai kula, da ake kira root, da sauran talakawan asusu. Yawancin ƙin shiga mai ɗaure kai daga nan yake tasowa. Idan mai kula ya ajiye fayil mai suna nologin domin gyara, kowa zai tsaya a waje ban da shi, kuma in ya manta bai goge ba, haka za a kwana. Idan rumbun ajiya ya cika, sau da yawa root na shiga lafiya, saboda a tsarin fayilolin Linux da aka fi amfani da shi an saba keɓe masa kashi 5 cikin ɗari na wurin, yayin da talaka ke rubuta kalmarsa daidai allon ya dawo da shi inda ya fara.

A 1995 kamfanin Sun Microsystems ya gabatar da PAM, wanda ya mayar da mai gadi ɗaya jerin masu gadi. Wannan ya duba kalma, wancan ya duba ko wa'adin asusun ya ƙare, wani ya ƙirga sau nawa aka yi kuskure ya kulle ƙofa. Kowannensu na iya cewa a'a, kuma galibi amsar da ke fitowa a allo ɗaya ce. Ainihin dalilin yana rubuce a kundin bayanan tsarin, wanda a mafi yawan kwamfutoci sai mai kula ne ke da izinin buɗe shi.